Yashi Mai Haɗiye Mutum a Fim: Yadda Ake Haɗa Shi, da Dalilin da Ke Sa Edita Ya Yanke Shi

Duk wanda ya kalli tsofaffin fina-finan Tarzan ko na kaboyi ya san fitowar nan. Mutum na cikin tafiya a dokar daji, ya taka wani fili da bai bambanta da sauran ƙasa ba, sai ƙafa ta zurma. Yana ihu yana mutsu-mutsu, ƙasa na jan sa a hankali, har ya rage sai hannu ɗaya a sama, can kuma sai hularsa kaɗai a kan taɓo. Wani ɗan jarida Ba'amurke mai suna Daniel Engber ya bi diddigin abin a 2010, ya tarar cewa a shekarun 1960 kusan fim 3 cikin kowane 100 na ɗauke da irin wannan fitowa. A cikinsu akwai Lawrence of Arabia na 1962, inda yashi ya haɗiye yaron nan Daud a kan idon Lawrence.

Sai dai na gaske ba ya yin haka. Daniel Bonn na Jami'ar Amsterdam da abokan aikinsa sun yi nazarin irin wannan ƙasa ta yankin tafkin gishiri da ke kusa da birnin Kum a Iran, suka buga sakamakon a mujallar Nature a 2005. Cakuɗe ne na lallausan yashi da yumɓu da ruwan gishiri. Lita ɗaya tasa ta kai kusan kilo 2, alhali jikin mutum bai wuce kusan kilo 1 a kowace lita ba. Don haka mutum zai zurma ne zuwa wajen ƙugu, ya tsaya nan. Wahalar a wajen fita take: sun ƙiyasta cewa fizgo ƙafa da saurin santimita 1 a daƙiƙa na buƙatar ƙarfin da zai ɗaga matsakaiciyar mota. Abin da ke kashe waɗanda suka maƙale a wurare irin su gaɓar Morecambe a Ingila shi ne ruwan teku da ke dawowa ya rufe su, ko sanyi.

Ke nan idan ka kwashi ma'aikata kuka tafi fadama neman taɓon gaske, ka yi biyu babu. Jaruminka ba zai nutse yadda labari ke so ba, kuma ciro shi zai zama aiki. A fim, ƙasa ba ta jan kowa. Ko dai ɗan wasa ne ke saukar da kansa, ko wani abu a ƙarƙashinsa ke saukar da shi. Duk sauran aikin na ɓoye wannan ne.

Mataki na 1: Tsayar da iyakar nutsewar tun a takarda

Kafin a ɗauki shebur, darakta da marubuci su amsa tambaya ɗaya: har ina zai nutse? Idan iya gwiwa ne ko ƙugu, ƙaramin rami ya isa. Idan har wuya ne, sai rami mai matakala. Idan kuwa sai ya ɓace ɗungurungum, wannan wani gini ne dabam, kuma ya fi sauran ci da kuɗi da haɗari. A tsayar kuma ko taɓo ne mai ruwa ko busasshen yashin hamada, domin kayan haɗinsu ba ɗaya ba ne.

Ni dai a ganina yawancin labarai ba sa buƙatar a ga kan mutum ya shige. Fuskar da taɓo ya kai wa haɓa ta fi ba da tsoro.

Mataki na 2: Haƙa ramin

Zaɓi wuri mai ƙasa mai tauri, nesa da gindin bishiya da bakin rafi. Ƙasa mai yashi ba ta yi, domin bangonta zubewa yake. Kada kuma a ce za a rage wahala da kududdufin bayan gari: akwai tsargiya, akwai fasassun kwalabe da gwangwanaye a ƙasansa, kuma ba wanda ya san zurfinsa.

Rami mai faɗin mita 1.5 a kowane gefe da zurfin mita 1.1 ya isa mutum ɗaya. Ɗan wasa zai durƙusa ne a ciki, ba a tsaye zai nutse ba, don haka ba ka buƙatar zurfin da ya kai tsawonsa. Wannan rami zai ci ruwa wajen lita 2,500, wato jarka 100 mai cin lita 25. Yi wannan lissafin kafin ka ƙara faɗi.

A tokare bangon huɗu da katako mai kauri. Ba ado ba ne. Ƙasa mai girman mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ta haura tan ɗaya a nauyi, kuma jiƙaƙƙen bango ba ya sallama kafin ya rufta. Dokar ma'aikata a Amurka ta wajabta kariya ga ramin da ya kai mita 1.5, amma mutumin da ke durƙushe cikin ruwa ƙasa da haka ma ta ishe shi. Masu haƙar rijiya da masu ɗibar yashi sun san wannan, kuma samun ɗayansu a lokeshan ya fi ƙarin mai riƙe fitila amfani.

Bayan katako sai a shimfiɗa tamfol mai kauri ninki biyu, a bar bakinsa ya fito waje da kamar rabin mita, a binne shi da ƙasar da aka haƙo. Kada bakin ramin ya fito da kusurwa huɗu ɓaro-ɓaro. A karkata shi da tarin ƙasa, ciyawa, busassun ganyaye da guntun icce. Da zarar mai kallo ya hango miƙaƙƙen layi a ƙasa, asiri ya tonu.

Mataki na 3: Abin da zai saukar da ɗan wasa

Hanya mafi sauƙi ita ce matakala a cikin ramin. A jera buhunan yashi hawa uku ko huɗu, kowane hawa ya fi na bayansa zurfi da kamar santimita 25. Buhu ya fi bulo, domin ba shi da kaifin da zai huda tamfol ko ya yanki ƙafa. Ɗan wasa zai taka hawa na farko, ya sulale zuwa na biyu, ya lanƙwashe gwiwa sannu a hankali, daga ƙarshe ya durƙusa a ƙasan ramin. Daga sama ba abin da ake gani sai mutum na raguwa.

Manyan kamfanoni kan sa dandamalin ƙarfe mai hawa da sauka da inji. Da irinsa aka ɗauki fitowar da doki Artax ke nutsewa a fim ɗin The NeverEnding Story na 1984, a sutudiyon Bavaria da ke Munich a Jamus. An shafe makonni ana horar da dokin ya tsaya cak ruwa na hawa jikinsa, kuma bai mutu ba, duk da jita-jitar da aka daɗe ana yaɗawa. Wanda ya sha wuya shi ne yaron da ya fito tare da shi, Noah Hathaway, da injin ya kama wa ƙafa ya ja shi ƙarƙashin ruwa. Idan kamfani mai injiniyoyi ya gamu da haka, wanda zai haɗa nasa da jak ɗin mota da walda ya sake tunani. Inji ba ya jin ihu. Gwiwar ɗan wasa kuwa tana tsayawa da zarar mai ita ya ji ba daidai ba.

A ɗaura sandar ƙarfe ko igiya mai kauri a jikin bangon ramin, ƙasa da saman ruwa, inda kyamara ba ta gani. Ruwa ɗaga mutum yake yi, musamman idan an kaurara shi, sai ka ga jarumi na ta ƙoƙarin nutsewa yana tasowa. Da wannan mariƙin zai riƙa jan kansa ƙasa. Ba a ɗaura wa mutum dutse ko ƙarfe don ya nutse, ko da wasa.

Mataki na 4: Haɗa taɓon

Nan ne gwanintar take. Abin da ake gani a yawancin tsofaffin fina-finai ruwa ne zalla, da wani abu mara nauyi da ke yawo a samansa yana kwaikwayon ƙasa. Masu aikin sun yi amfani da niƙaƙƙen ɓawon bishiyar da ake yin toshiyar kwalba da shi, da garin katako, da hatsin ots, da wani ma'adini mai suna bamikulait, wanda ke kumbura idan an gasa shi ya zama ƙanana-ƙananan ƙwayoyi masu launin ƙasa. Akwai kuma wata farar ƙasa mai laushi da suke barbaɗawa don ƙura. Bamikulait ya yi suna mara kyau daga baya, domin wanda aka riƙa haƙowa a Libby ta jihar Montana, kafin a rufe mahaƙar a 1990, yana gauraye da asbestos mai lalata huhu. Darasin shi ne duk abin da zai taɓa hancin ɗan wasa a san daga ina ya fito.

Mai shirya fim a Kano ko Maraɗi ba sai ya yi odar komai daga waje ba. Ɓuntun shinkafa na yawo a kan ruwa, launinsa kuma ya yi kama da yashi, amma yana da ƙaiƙayi, don haka a wanke shi a tace, ɗan wasa kuma ya sa matsattsun kaya a ciki. Garin katako ya fi laushi, sai dai yana saurin shan ruwa ya nutse, kuma a guji na katakon da aka yi wa feshin maganin gara. Dusa na ba da kyan gani ƙwarai, amma a zafin bazara kwana ɗaya ya ishe ta ta yi tsami, ƙudaje su taru. Idan da ita za a yi, ranar da aka zuba ranar za a gama.

Kada ka zuba komai a rami sai ka gwada a bokiti. Cika bokiti da ruwa, zuba abin a sama har ya yi kaurin santimita 10 zuwa 15, barbaɗa busasshiyar ƙasar lokeshan ɗin a kai don launi ya zo ɗaya. Tura hannu a hankali ka zaro. Abu uku kake dubawa. Shin saman ya koma ya rufe bayan hannun ya fita, ko ya bar tagar da ake hango ruwa? Shin ya manne a fata kamar laka, ko ya zube ya bar hannu tas? Minti nawa ya yi kafin ya fara nutsewa? Amsar ta ukun ita ce tsawon lokacin da kake da shi a kowace ɗauka.

Idan kana son taɓo mai kauri, wanda ke rufewa a hankali yana yin ƙwal-ƙwal, sai a kaurara ruwan. A waje suna amfani da wani farin gari mai suna metilselulos, wanda ke mayar da ruwa yauƙi. A nan gida akwai bentonait, yumɓun da masu haƙar burtsatse ke damawa a ruwan aikinsu. A dama shi tun jiya a bar shi ya kwana ya kumbura, a tsaya a kaurin kunun tsamiya. Da ya wuce haka zai fara riƙe ƙafa irin na gaske, ka koma gidan jiya. Ɗanyen sitaci kuwa a bar shi: idan ya yi yawa a ruwa, daskarewa yake yi duk lokacin da aka fizge shi da ƙarfi, ga shi kuma mai firgita fizga yake yi.

Ruwan ya zama mai tsabta, kuma kada a yi wannan aiki da sanyin hunturu. Mutumin da ya yi rabin awa a jiƙe zai fara karkarwa, haƙora na haɗuwa, magana ta gagara.

Mataki na 5: Idan sai ya ɓace gaba ɗaya

A nan a manta da ruwa. Ana gina dandamali ne a kan busasshen rami, a bar ƙofa a tsakiya, a rufe ta da falle biyu na roba da bakinsu ya hau kan juna, sannan a zuba yashi kaɗan a kai. Robar cikin tayar babbar mota na iya yin wannan aiki. Mutum na ratsa tsakanin robar ya faɗa kan katifu, robar ta koma ta haɗe, yashin gefe ya gangaro ya rufe wurin. Ramin na ƙasa dole ya kasance da hanyar fita ta gefe, da fitila, da mutum biyu masu tarbar mai saukowa.

Da ƙofar ɓoye irin wannan aka yi fitowar yashi a The Princess Bride na 1987. Tun farko an tsara jarumin, Cary Elwes, zai yi tsalle ne da ƙafa, shi kuma ya ga ba jarumta a ciki, ya nemi ya faɗa da ka. Sai da ƙwararren mai wasan kasada ya fara gwadawa aka ga an buɗe ƙofar a kan lokaci, sannan aka bar shi. A Star Wars: The Rise of Skywalker na 2019, wanda aka ɗauki ɓangarensa a hamadar Wadi Rum ta Jodan, baƙin yashin da ya haɗiye jaruman baƙin wake ne. Wake na da santsi, ba ya shiga ido da hanci kamar yashi.

Amma a kula, busasshen abu shi ne mai haɗiye mutum da gaske. Hatsin da ke gangarowa a manyan rumbuna na binne ma'aikata, kuma da zarar ya kai ƙirji, duk numfashin da mutum ya fitar sai ya ƙara matse shi. Saboda haka abin da ke kan robar kada ya wuce 'yan santimita. Binne mutum a yashi har wuya don a samu hoto mai kyau ganganci ne.

Mataki na 6: Ranar ɗauka

A fara gwaji ramin na fanko, ɗan wasa ya haddace matakalar da ƙafarsa. A sake da ruwa zalla, yana ganin inda yake takawa. Sai a na uku a zuba abin saman. A tsayar da alamar tsayawa wadda ba ta yi kama da wasa ba, misali tafa kai sau biyu, domin kalmar "ku taimake ni" tana cikin labarin, ba wanda zai gane ta gaske ce. Mutum biyu ƙarfafa su tsaya dab da bakin hoto, ba su da wani aiki sai kallonsa. Wayoyin janareta su yi nesa da ramin. A tanadi ruwan wanke ido, tawul, bargo da shayi.

A ɗauki duk abin da ake buƙata da busassun kaya tukuna: tahowa, takun farko, fuskokin masu kallo. Rigar da ta shiga taɓo ba ta komawa fara a ranar, don haka a ɗinka kala ɗaya sau uku ko huɗu. Mai kula da daidaiton fitowa ya riƙa ɗaukar hoto da waya bayan kowace ɗauka, a san inda laka ta tsaya a jikin riga. Abin kunya ne a ga taɓo a kafaɗa, a hoto na gaba kuma mutum na iya ƙugu.

Kyamara ta kwanta kusa da ƙasa. Daga ƙasa, saman taɓon na bajewa ya haɗe da sauran fili, alhali daga sama rami ne kawai ake gani. Hasken safe ko na yamma da ke zuwa ta gefe ya fi, domin rana tsaka na haska ruwan da ke ƙasa ya yi ƙyalli. Kada a yi ƙoƙarin ɗaukar nutsewar duka a hoto ɗaya. A gutsuttsura: ƙafa, gwiwa, fuska, hannun da ke laluben saiwa, igiyar da ta gaza isowa, ƙirji, idon abokinsa, haɓa. Duk lokacin da aka kau da kyamara zuwa wani abu, ɗan wasa na sauka hawa ɗaya. Hannun ƙarshe da ke shigewa ba sai da kan mutum a cikin ruwa ba, hannun roba a kan sanda ya wadatar. Kumfar da ke biyo baya kuwa siririn tiyo ne da aka binne, wani na hurawa daga gefe.

Ɗan wasa ya rage hanzari. Ruwa na fallatsa, taɓo ba ya yi. Duk motsin da ya yi sauri zai tona cewa ruwa ne a ƙasa.

Sautin kuma daga baya ake sa shi. Bokitin laka, hannu da makirfo a ɗaki shiru sun isa a samu wannan tsotsar da ke sa tsikar jiki tashi.

Mataki na 7: Teburin edita

Bayan duk wannan wahala, fitowar na iya ƙarewa a kwandon shara, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, nutsewa abu ne mai jan lokaci. Jarumi na tsaye wuri ɗaya, labari ma ya tsaya tare da shi. Idan aka ciro shi aka ci gaba da tafiya ba abin da ya sauya, edita zai ga minti huɗu da za a cire ba wanda zai ji. Na biyu, idan haɗin bai yi kyau ba, dariya yake jawowa a inda ake son tsoro. Na uku, idan ya yi kyau fiye da kima, masu tace fina-finai ko 'yan kallon gwaji su ce ya yi muni.

'Yan'uwan wannan fitowa sun sha almakashi. A King Kong na 1933 an cire wurin da ma'aikatan jirgi suka faɗa kwazazzabo manyan gizo-gizo suka cinye su, kuma har yau ba a ga faifan ba, sai dai wanda darakta Peter Jackson ya sake kwaikwaya a 2005. A Tarzan Escapes na 1936 an yanke faɗan Tarzan da manyan jemagu bayan 'yan kallon gwaji sun firgita. A Return of the Jedi na 1983 an ɗauki fitowar guguwar yashi aka ajiye, sai a 2011 aka fito da ita a faifan Blu-ray. Na zamanin da sun fi saurin ɓacewa, domin kamfanoni ba sa adana abin da aka yanke, faifan lokacin kuma mai saurin kama wuta ne. Gobarar ma'ajiyar kamfanin Fox a 1937 da ta kamfanin MGM a 1965 sun cinye cikakkun fina-finai, balle guntaye. Mai neman irin waɗannan fitowa yakan gano alamarsu ne a tallan fim, ko hotunan da aka manna a ƙofar silima, ko rubutaccen labarin, inda zai ga abin da babu shi a fim ɗin da aka saki. Wani lokaci ma alamar na cikin fim ɗin kansa: jarumi ya shiga daji da fararen kaya, ya fito wando duk laka, ba bayani.

Idan kana son taka ta tsira, sa wani abu ya faru a cikin ramin da labari ba zai tafi ba sai da shi. A can ne amini zai tsaya yana shawarar ko ya miƙa hannu ko ya bari. A can ne mai nutsewa zai faɗi inda ya ɓoye takardar gado. A Blazing Saddles na 1974, shugaban masu aikin layin dogo ya jefa igiya ya ceto keken aiki, ya bar baƙaƙen ma'aikata biyu a cikin taɓon, kuma wannan kaɗai ya gaya wa mai kallo irin mutanen da zai yi zama da su har ƙarshen fim.

Duk da haka ka yi wa edita tanadin hanyar fita. Ɗauki hoto ɗaya na jaruman suna wuce wurin da busassun kaya, sannan fitowar da ke biye a ɗauke ta sau biyu, da laka da kuma babu laka. Abin da aka yanke a adana shi a ma'ajiya biyu, da suna da kwanan wata, zai yi amfani wajen talla.

Kafin a bar lokeshan a kwashe ruwan, a cire tamfol da katako, a mayar da ƙasa a daddanne a ranar. Yaran unguwa sun ga abin da aka yi, kuma da kun juya baya za su zo gwadawa.